Allurar da Ta Kwanta a Gangaren Jingir

Duk direban da ya taso a Arewa gefe ɗaya na allurar zafi yake tsoro. Tun muna yaran mota abin da aka cusa mana ke nan: idonka a kan ja, da ka ga allura ta doshi sama ka sauka gefen titi ka kashe, kafin gaskit ya ƙone. Ɗaya gefen kuwa, inda aka rubuta C, wato sanyi, babu wanda ya taɓa ce mini akwai abin kallo a can. Yabo ne ma a bakin dillalai. Mutum zai dafa bonet ya ce maka, "Alhaji, wannan ko Agadas ka je da ita ba ta san zafi ba." Da wannan karatun na shafe kusan wata biyu motata tana ciwo ina ɗauka ƙoshin lafiya ce.

Sana'ata jigilar dankalin Turawa ce. Ina saro shi a wajen Bokkos da Mangu, wani lokaci a Farin Gada cikin Jos, in kawo 'Yankaba a Kano. Motar da nake aikin da ita Toyota Hilux ce 'yar 2008, mai injin dizal 2KD, lita 2.5, 'yar Beljiyam da ta shigo ta Kwatano. Da yake daga Turai ta zo, tana da hita, abin da ban damu da shi ba sai lokacin hunturu. Hanyar na san ta kamar tafin hannuna: Na'ibawa, Kura, Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore, a bi ta Saminaka da Jingir, sannan a fara hawan da zai kai ka Jos. Kusan kilomita 300.

Na kuma san halin motar. In na tayar da ita bayan sallar asuba, kafin in wuce gadar Na'ibawa allura ta hau ta zauna ɗan ƙasa da tsakiya, daga nan ba ta ƙara motsi har in isa. A Disambar 2023 na lura ina wuce Kura ba ta ko kai kwata ba. Na ce sanyi ne. Bana jaura ta yi ƙarfi, kowa yana faɗa. Wani satin sai da na kai Kwanar Ɗangora kafin ta ɗago sosai. Nan ma na ce sanyi ne.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne wata asuba cikin Janairu. Mun kwana a Jos, muka taso da kaya wajen ƙarfe biyar da rabi. Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin muku-muku ba ba zai gane ba. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200, ruwan alwala kamar ya tsinke maka yatsu. Cikin gari, da lodi da tsaye-tsaye, allura ta ɗan hau. Muna fara gangarowa wajen Jingir, ƙafata ba ta kan totur, giya ce ke riƙe da motar, sai na ga allura tana komawa ƙasa a hankali, har ta kwanta a kan C kamar motar da aka kashe tun jiya. Hitar da ke ɗan hura ɗumi ta koma hura iska mai sanyi. Yaron motata ya ja bargo ya ce, "Oga, ka kashe ta kawai, ta fi waje sanyi." Injin da ya yi tafiyar minti arba'in da kaya a bayansa bai kamata ya huce yana cikin aiki ba. Wannan kam ko ban yi makaranta ba na sani.

Da na dawo na zauna na haɗa abubuwan da nake gani ɗaya-ɗaya ina watsarwa. Farin hayaƙin safe ya daina tsayawa a minti ɗaya ko biyu, yana bina har titi, da warin ɗanyen gas. Man da nake sha zuwa Jos da dawowa ya daina isa, ga lita a lokacin ta haura naira 1,000. Na zaro gejin baƙin mai na shinshina, na ji ɗan warin dizal. Na buɗe murfin da ake zuba man, sai ga wani farin maiƙo kamar madarar da ta lalace a cikinsa. Nan gabana ya faɗi, don abin da na sani shi ne farin maiƙo na nufin ruwa ya haɗu da mai, wato gaskit.

Na kai ta wajen makanikin da ke mini sabis. Yaro ne mai ƙoƙari, ba na raina hannunsa a kan burki da ƙafa. Ya leƙa dashbod, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, mutane suna kuka da oba-hitin, kai kana kuka da sanyi? Ai ka yi sa'ar mota. In ma tamostat ne, ƙofar nan da ke tsare ruwa tsakanin inji da lagireto, kawo mu cire mu jefar. Na ƙasar ƙanƙara ne, mu nan ba ya mana amfani." Na yi masa godiya na tafi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Idan na ƙasar ƙanƙara ne, to ni ai abin da na gani a Jingir ƙanƙara kaɗai ya rage.

Wani abokin sana'a ne ya tura ni wajen wani dattijo da ya tsufa a kan manyan motocin gas. Kowa Baba yake ce masa. Na same shi da la'asar, na zayyana masa komai. Bai ko buɗe bonet ba. Ya ce, "Ɗana, wannan ciwon ba a duba shi da rana. Ka bar ta nan ta kwana, ka zo mini bayan asuba. Sai inji ya huce sarai yake faɗar gaskiya."

Washegari na same shi da tocila a hannu. Kafin a taɓa makulli, ya miƙa hannu ya juya fankar lagireto. Ta juya da ɗan nauyi, ta tsaya. Ya ce lafiyarta ƙalau. Fankar Hilux ba a haɗe take kai tsaye da inji ba, akwai wani kulochi mai man silikon a tsakiyarta, wanda ke sakinta in da sanyi, ya kama ta in zafi ya taso. Wasu makanikai sukan ɗaure shi da ƙusa ko su yi masa walda, abin da suke kira "dairek", sai fanka ta yi ta ihu dare da rana tana sanyaya injin da bai nemi sanyi ba. Tawa ba a taɓa ta ba. Ya duba ruwa a ɗan tankin roba, yana kan layinsa. Ya tambaye ni ko ina yawan ƙari. Na ce ba sosai ba. Ya ce, "To ka kwantar da hankalinka a kan gaskit tukuna."

Sannan ya ce in tayar, in bar ta a silo. Ya kama hannuna ya ɗora a kan babban tiyon sama, wanda ke fitowa daga inji zuwa lagireto, ya ce kada in ɗauke, in kuma kula da fanka da bel. Minti uku, huɗu, sai na fara jin ɗumi-ɗumi. Ya mayar da hannuna kan saman lagireton kansa, nan ma ɗumi ya fara. Allura a ciki ko motsi ba ta yi ba.

"Ka ji?" in ji shi.

Na ce, "Na ji, Baba. Amma ai ɗumi ne kawai, ba zafi ba."

Ya ce, "Shi ne ciwon. Da ƙofar tamostat a rufe take, da lagireton nan sanyi ƙalau za ka ji shi har minti goma ko fiye, allura tana hawa, sannan farat ɗaya ka ji zafin da ba za ka iya barin hannunka ba. Wannan ɗumin na sannu-sannu yana gaya maka ruwa yana zagayawa tun daga tayarwa. Ƙofa a buɗe ta kwana."

Ban taɓa ganin gwaji mai sauƙi da ya gamsar da ni kamar wannan ba, kuma ko kwabo bai ci ba. Amma Baba bai tsaya nan ba, don ya ce allura ma takan yi ƙarya in na'urar da ke aika mata saƙo ta lalace. Ya aiki yaronsa ya ɗauko irin na'urar auna zafin nan mai kama da bindiga da ta cika gari lokacin korona. Ashe wasunsu suna da maɓallin da ke mayar da su auna zafin kaya har zuwa digiri 100. Muka zagaya da motar kamar kilomita goma sha biyar a kan titin zobe, muka tsaya, ya haska a kan baƙin tiyo dab da inda ya fito daga inji. Digiri sittin da 'yan kai. Allura ba ta yi ƙarya ba. Injin ne da gaske bai kai zafin aikinsa ba.

A kan benci, muna jiran motar ta huce, ya yi mini bayanin da na so a ce na ji shekara ashirin da suka wuce. Tamostat ƙofa ce kawai tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai wani abu mai kama da kakin kyandir da aka rufe a ɗan ƙoƙon tagulla. In ruwa da sanyi, sifirin yana riƙe ƙofar a rufe, ruwa ya yi ta zagaye cikin inji kaɗai har ya yi zafi. In ya kai wajen digiri 82, kakin ya narke ya kumbura, ya tura sanda, ƙofa ta fara buɗewa. Ruwa ya huce, ta ɗan koma. Haka take yini tana buɗewa tana rufewa, shi ya sa allurar lafiyayyar mota ke zama wuri guda ko ana hawa ko ana gangara.

Injin gas kuma ya fi na fetur jin jiki in ƙofar ta lalace. Ba shi da fulogin wuta. Zafin iskar da fistin ya matse ne ke kunna man. In bangon silinda da sanyi, man ba ya ƙonewa duka. Wani ya fita ta salansa, shi ne farin hayaƙin. Wani ya wanke maiƙon jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, shi ne warin da na ji. Tururin ruwan da kowane inji ke haifarwa, wanda zafi ya kamata ya kore shi, sai ya taru a ƙarƙashin murfi ya zama farin maiƙon da ya tsorata ni. Kwamfutar motar kuma, tunda tana ganin inji da sanyi, sai ta yi ta ba shi mai irin na wanda bai gama ɗumama ba. Game da gangaren Jingir, ya ce ai dole: in ka ɗaga ƙafa daga totur mota tana cikin giya, kwamfuta yanke man take yi gaba ɗaya. Babu wuta a ciki, ga iskar Filato tana dukan lagireto, ga ƙofa a wangale. Me zai hana allura kwanciya?

Na tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa da lambar shasi a rubuce a takarda. Baba ya ja mini kunne a kan abu uku: in ga an buga 82 a jikin ƙarfen, in haɗo da sabuwar robar da ke zagaye bakinsa, kada kuma in karɓi tsohon na Beljiyam kome arharsa, tunda ban san shekarun da ya yi yana aiki ba. Na sayi na kwalin Toyota, na haɗo da kulan, wato ruwan musamman na lagireto, mai ruwan hoda wanda aka riga aka gauraya, galan uku, don motar tana cin kusan lita 10. Kuɗin kulan ɗin ya fi na tamostat ɗin zafi a aljihuna.

Da na dawo inji ya huce har ana iya rungumarsa. Baba bai yarda a taɓa murfin ruwa ba sai da ya matsa tiyo ya ji ya saki. Ya nuna mini wani tsohon tabo a damtsensa, bai ƙara cewa komai ba. Aka tara roba a ƙasa, aka kwance ɗan famfon da ke gindin lagireto. Abin da ya fito ba ja ba ne, ba kore ba, ruwan ƙasa ne kamar na kududdufi bayan ruwan farko. A wannan injin tamostat ba a sama yake ba, yana ƙasa, inda tiyon ƙasa na lagireto ke shiga inji, wuri ne mai matsi da sai an yi haƙuri. Yaron ya matse kilif da filaya, ya murɗa tiyon ya fita, ya kwance notukan murfin. Ɗaya ya ƙi, sai da aka jiƙa shi da mai aka jira. Baba ya hana a sa ƙarfi, ya ce in ƙusar ta karye a ciki aikin awa ɗaya ya zama na kwana biyu.

Da aka zaro tsohon, Baba ya ɗaga shi sama wajen rana ya miƙo mini. Ana hango haske ta gefen ƙofar, rata kamar kaurin tsinken ashana biyu, alhali yana hannuna da sanyinsa. Tsatsa da wani farin dutse-dutse sun cinye sandar, ta maƙale a buɗe.

"Wane ruwa kake zuba mata?"

Na gaya masa gaskiya. Tun da tiyo ya taɓa fashe mini a Falgore shekara biyu baya aka cika ta da ruwan rafi, ban sake sayen kulan ba. In ta nema, ruwan burtsatse ko fiya-wata nake ƙara mata. A tunanina kulan maganin daskarewa ne, mu kuma ruwa ba ya daskarewa a nan. Ya girgiza kai ya ce rabin aikin kulan hana tsatsa ne, yana kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. Ruwan burtsatse yana da gishirin ƙasa, irin wanda ke yin fari a gindin butar shayi. Wannan laifin nawa ne, ba na kowa ba, kuma ya yi mini ciwo, don motar nan ita ke ciyar da gidana.

Kafin a ɗaura sabon, ya sa aka samo babban gwangwanin tumatir, aka cika da ruwa, aka roƙi mai shayin bakin gareji ya ɗora mana a kan wutarsa. Ya rataye tsohon da sabon da waya, yadda ba za su taɓa gindin gwangwanin ba. Mutane har sun taru. Ruwa ya fara ƙananan ƙwayaye, bai kai ga tafasa ba, sai sabon ya fara buɗe baki a hankali kamar ana jan shi da zare. Yana tafasa ya buɗe sosai. Aka ciro shi, cikin ɗan lokaci ya koma ya rufe ruf. Tsohon yadda ya shiga haka ya fito.

A nan ne wani direban bas da ke kallo ya ce shi tasa shekara biyar ba tamostat, kuma lafiya lau take. Baba bai yi masa gardama da zafi ba. Ya ce ya san inda al'adar ta samo asali. Tamostat yakan mutu iri biyu. In ya mutu a rufe, mota ta tafasa cikin minti kaɗan, makanikin bakin hanya ya cire shi, zafi ya sauka, direba ya kai gida. A wannan halin cirewar daidai ce, shi ma ya sha yi. Kuskuren shi ne a ɗauki dabarar kai wa gida a mayar da ita gyara. Sau da yawa ma, in ji shi, ba tamostat ne mai laifin ba. Lagireto ne ya toshe, ko kulochin fanka ya mutu, ko murfi ya daina riƙe iska, sai a cire mai gadin ƙofa a bar ɓarawon a ɗaki. Ya juya sabon ya nuna mana wani ɗan faifai a gindinsa. Ya ce in ƙofar ta buɗe, wannan faifan yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. In babu shi, wani ruwan zafin zai riƙa yanke ya koma ba tare da ya leƙa lagireto ba, sai ka ga motar da aka cire wa tamostat don gudun zafi ta tafasa a kan hawa cikin Afrilu. Direban ya ce shi dai bai gani ba. Baba ya tambaye shi sau nawa ya yi ringi, wato buɗe inji a canza zobban fistin, a shekara biyar ɗin. Ya ce sau biyu. Babu wanda ya ƙara magana.

Ɗaurawar ba ta da wuya, amma akwai wurin da ya tsaya a kai. Ya goge bakin mazaunin tas da tsumma, ya hana yaron shafa gam, ya ce robar ta isa, gam kuma in ya ɓalle ciki lagireto zai je ya toshe. A gefen tamostat ɗin akwai ɗan rami da wani ɗan ƙarfe yana lilo a ciki. Ya ce dole wannan ya kalli sama, ta nan iskar da ta maƙale take kuɓucewa lokacin cika ruwa. Ya ɗaure notukan bi da bi, kaɗan-kaɗan, da ɗan ƙaramin sifana.

Wankin cikin ne ya ci lokaci. Sau uku ana cikawa da ruwa, a tayar har ƙofa ta buɗe, a jira ya huce, a zubar, kafin ya fara fitowa garau. Na ƙarshen da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir aka yi, marar asid. Sannan aka zuba kulan a hankali, an murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, yaron yana matsa tiyo kamar mai tatsar saniya, ƙwayayen iska suna ta fitowa. Wanda ya zube a ƙasa Baba ya sa aka rufe da yashi aka kwashe, ya ce zaƙi gare shi kuma guba ne, akuya ko kyanwa ta lasa sai gawa.

Da yamma inji ya huce, muka maimaita gwajin safe. Hannuna yana kan lagireto, sanyi ƙalau, allura tana hawa a ciki. Na fara tunanin ko an ɗaura shi ba daidai ba, sai da muka ɗan ba ta wuta, can na ji zafi ya taso ƙarƙashin tafina lokaci guda har na fizge hannu. Bindigar korona ta nuna tamanin da 'yan kai. Kafin in tafi ya sa na juye baƙin man da filta duk da lokacinsu bai yi ba, saboda gas ɗin da ya shiga ciki. Ya ce in duba ruwa da safe kwana uku a jere. Ranar farko ya ɗan sauka na ƙara kamar kofi biyu, daga nan ya tsaya.

Ranar Talata na koma Jos. Allura ta zauna wurinta tun kafin gadar Na'ibawa. A dawowa, asuba, da buhu a baya, muka fara gangaren Jingir, na ɗaga ƙafa daga totur ina satar kallonta. Ba ta motsa ba har Saminaka. Yaron motata ya ture bargon, ya ce in rage hitar ta yi masa yawa.